Danƙo a Hular Sarki Ranuccio

A fadar Sarki Ranuccio na Valdorsa an yi wani mutum, Onofrio, mai tsara zaman sarakuna: wa zai fara shiga, wa zai zauna a dama, wa zai fara ɗaga cokali. Ya iya aikinsa, ba laifi. Ciwonsa ɗaya, bai yarda a tashi kunnen doki ba. Ko gaisuwa ce, sai ubangidansa ya ci riba.

A wata shekara Sarki Galeotto na Pietrafosca ya yi wa Montelupa, wani garin Ranuccio, ƙawanya, har mutanen ciki suka cinye jakunansu, suka fara yi wa kyanwa wani irin kallo. Uwar Onofrio tana cikinsu. Da sarakunan suka gaji da binne mutane, sai aka shirya sulhu a tsakiyar gadar kan iyaka. Za su cire huluna lokaci guda, su sumbaci juna, Galeotto ya janye dakarunsa. Wanda ya riga cire hula kuwa, duk Italiya za ta ce shi ya rusuna.

Da safe Taddeo, takwaran Onofrio a fadar Galeotto, ya tare shi a bakin gada.

"Messer Onofrio, ka rame. Ko kai ma jaki kake ci, don taya tsohuwarka?"

"Ji da ubangidanka, Messer Taddeo. Ka shafa wa sanƙonsa mai, yau zai sha rana."

"Lokaci guda fa muka ce."

"Lokaci guda, ɗan'uwa. Na rantse da kabarin ubana."

Alhali Onofrio ya riga ya shafa danƙo a cikin hular ubangidansa, bai gaya wa kowa ba, har shi Sarkin. Ba da yawa yake nema ba. Hular ta ɗan lafe na ƙiftawar ido, a ce Galeotto ne ya fara. Sai dai limamin coci ya ja addu'a da Latin kamar ba zai gama ba, rana ta take, danƙo ya narke ya bi gashi.

Aka busa ƙaho. Galeotto ya cire hula. Ranuccio ya kai hannu ya ja. Hula ta ce tana nan.

A gaɓa biyu hannaye suka fara lalubar takubba.

"Ɗan'uwana sarki," in ji Galeotto a hankali, "kaina a buɗe yake."

"Ina gani, ɗan'uwana. Ƙi ta yi."

"Ta ƙi. Hular."

Ranuccio ya sa hannu biyu ya fizga, girarsa ta ɗaga sama, bakinsa ya karkace. Daga nesa sai ka rantse gwalo yake yi. Wani soja a gaɓar Valdorsa ya tuntsire da dariya.

Onofrio ya zube ƙasa. "Ranka ya daɗe, ni ne! Danƙo na sa! A kawo almakashi!"

Galeotto ya dube shi. "Au, ashe da shiri aka zo." Ya mayar da hularsa, ya danna ta sosai. "Taddeo, ce wa masu igwa su ci abinci da wuri."

"Ranka ya daɗe," in ji Onofrio, "uwata tana cikin garin nan!"

"To, ka cire mata hula in an zo wucewa da gawarta."

Kafin wanzami ya gama raba Ranuccio da hularsa, igwa ta fara magana. Onofrio yana ɗaure a gindin gada, yana jin kowace ƙara. Da Montelupa ta faɗi, aka kora waɗanda suka rage ta kan gadar. Ya dubi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe ya wuce. Tsohuwa ba ta ciki.

Darasin a fili yake, mai karatu. In an zauna sulhu, kada ka ɓoye 'yar riba a hannun riga, komai ƙanƙantarta. Wanda ya amince ya tsaya daidai da kai ya riga ya ba ka abu mai tsada, ka karɓa hannu biyu. Wayon da ka yi don a ce kai ne sama, ba kai kaɗai za ka biya shi ba, kuma wanda zai biya sau da yawa bai ma san an yi ba.