Mai Duba Jini da Tarin Inna Tabawa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah ana ce masa Malam Jatau. Ba likita ba ne. Aikinsa duba jini da bayan gida a ɗan ƙaramin asibitin garin.

Wata rana Alhaji Sallau ya kawo mahaifiyarsa, Inna Tabawa mai tuyar ƙosai. Wata huɗu tana zawo da murɗar ciki, ta rame. Jatau ya duba jininta, ya ga irin alamar da kowa ke cewa ta tsutsar ciki ce. Amma sau uku yana duba bayan gidanta, babu tsutsa, babu ƙwanta.

Ku saurara, 'yan'uwana mata. Yana cikin dubawa sai ya ji tsohuwa ta danne tari a cikin mayafinta.

Ya ce, “Inna, tun yaushe?”

Sallau ya yi caraf ya ce, “Hayaƙin tuya ne. Rubuta tsutsa a ba mu magani. So kake gari ya ce tarin fuka take yi, a ware mata kwano, a guji ƙosanta?”

“Alhaji, ba zan rubuta abin da ban gani ba. A kai ta birni a ɗauki hoton ƙirjinta.”

“Kai da kashin mutane kake leƙe, yaushe ka zama likita?”

An zage shi a gaban jama'a, ya haɗiye. An kai ƙararsa, ya haɗiye. Bai canza ko harafi ba. Washegari ya taka har wurin tuyarta, ya durƙusa ya ce, “Inna, da ke kika haife ni, da yau mun hau mota.”

Ta kashe wuta, ta tafi birni, aka ɗauki hoton ƙirjinta. Ashe ciwon daji ne ya fara kama huhu. Likitocin suka ce wataƙila shi ya tayar mata da hanji. Aka yi aiki aka cire, cikin ya lafa, ta ga auren jikokinta.

Abin da ke ƙona min rai, har yau muna yin halin Sallau. Mu ɓoye tari don bakin mutane, mu ɗura wa uwa ko ɗa maganin tsutsa karo na biyar. Ni yarana biyu ne, kuma na daina. Gaskiya amana ce, ko a bakin wanda aka raina. In ciwo ya ƙi jin magani, ki faɗa wa likita komai, har tarin da kike jin kunya. Kwanon da kike tsoron a ware, ana iya haɗa shi gobe, muddin mai shi na raye.