Kitsen da Masu Saye Suka Ƙi

Talata ce, ana zafi, hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba. A ranar ne likita ya gaya wa Sammani mai balangu na Ƙofar Ƙaura cewa kitse ya yi yawa a jininsa.

Sammani siriri ne, mai taurin kai. Duk kitsen da mai saye ya ce a cire masa, ba ya yarwa. Sai ya dangwala yaji ya jefa baki. Haka ya taso ya ga mahaifinsa yana yi a bakin tukuba.

Likita ya ce, "Malam Sammani, cikin jijiyar jini akwai wata fata mai santsi. Kitsen jini iri biyu ne. Mai kyau yana kwashe datti. Mugun yana kutsawa ƙarƙashin fatar nan, ya taru, ta kumbura, hanya ta tsuke. Naka mugun ne ya hau."

Sammani ya yi dariya. "Likita, dube ni da kyau. Ina ka ga kitse? Tafi Babbar Kasuwa ka nemi alhazai masu tumbi."

"Ba a tumbi yake ba. A jini yake."

Sammani ya karɓi magani don kunya, da ya isa gida ya watsa shi kan taga. Matarsa Saudatu ta gani.

"Baban Ramla, maganin nan fa?"

"Mi ke mani ciwo? Mai lafiya na shan magani?"

"To ko kitsen ka rage."

"In zubar da abin da na saya? Ke dai kawo tuwo."

Damina ta wuce. Wata la'asar yana yanka wa wani nama, wuƙa ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya buɗe baki zai yi magana, bakin ya karkace. A asibiti aka ce jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe. Ya rayu, amma hannun bai dawo ba.

Da aka sallamo shi, Saudatu ba ta yi masa gori ba. Cewa kawai ta yi, "Mutane na ta tambayar yaushe za a hura wuta."

Washegari da safe Sammani ya sa aka kira Muttaka, abokin gasarsa na tsallaken titi, ya miƙa masa wuƙaƙensa da hannun hagu.

Darasin ba shi da tsawo. Rama ba shaidar lafiya ba ce. Mugun kitse yana cin jijiya a ɓoye, ba zazzaɓi, ba ciwo, sai ranar da ya gama aikinsa. In an auna jininka an ce ka rage maiƙo ka sha magani, ka yi tun hannunka yana jin maganarka.