Kada Ka Ajiye Waya, Tavita

Akwai wani mutum a garin Fort Alder mai suna Dalton Whitacre, shi ne manajan ƙungiyar ƙwallon garin, ƙwallon nan ta Amurka da ake rungume ta a ƙirji ana gudu, ƙarti na bin mutum su kayar. Dalton ba mugu ba ne, ba kuma daƙiƙi ba ne. Ciwonsa ɗaya: duk wanda ya yi magana a ƙarshe, a wurinsa shi ke da gaskiya. Ko gidan abinci ka bi shi, sai mai kawo abinci ta gaji da zarya bai zaɓa tsakanin kaza da naman sa ba.

Bara ƙungiyar ta sha kashi ba kaɗan ba, kuma har masu sayar da gurguru a filin wasa sun san dalili. Mai jifansu, wato wanda ke karɓar ƙwallo ya rarraba wa 'yan gaba, matashi ne mai hannu, Colby Strand. Sai dai ba shi da mai tsare masa baya. Gefensa na hagu, inda ba ya gani idan ya juya zai yi jifa, a wangale yake kamar ƙofar kasuwa. A wasan ƙarshe wani ƙato ya shigo ta nan ya haɗa shi da ƙasa, kafaɗarsa ta karye.

Dalton ya je duba shi a asibiti.

Colby ya ce, "Oga Dalton, matata ta ce in ajiye wasan nan tun ina tafiya da ƙafafuna. Me zan ce mata?"

"Ce mata na yi alkawari. Zaɓen sababbin 'yan wasa na bana, sunan farko da zai fito daga bakina na mai tsare maka baya ne."

Kuma a lokacin da gaske yake, Allah ya sani.

Ya ma samo mutumin: Tavita Faleolo, ɗan asalin Samoa da ya gama jami'a, faɗinsa ya kusa cika ƙofa, ga sanyin hali. Dalton ya je har gidansu, mahaifiyar Tavita ta cika shi da gwaza da madarar kwakwa har ya kwance bel. Da zai tafi ya ba su hular ƙungiya, ya ce, "Mama, ranar zaɓe idan kun ji waya, ni ne."

Ranar zaɓe ta zo. Kamar kowace shekara, ƙungiyoyi suka yi layi don ɗaukar yaran da suka gama jami'a, wadda ta fi shan wuya bara ita ce a gaba. Kowace ƙungiya minti goma take da shi ta miƙa suna. Idan lokacinta ya wuce ba ta miƙa ba, ta bayanta na iya tsallake ta ta ɗauki wanda take so. Dokar nan kowa ya san da ita, amma babu mai tunawa da ita, don wane ne zai zauna har lokaci ya ƙwace masa?

A ɗakin shawara na Fort Alder akwai mai horar da 'yan wasa, Koci Renfro, tsoho mai gajeren haƙuri. Akwai Odessa Tull, shugabar masu zagaya jami'o'i neman 'yan wasa, wadda ta jera sunayen yaran a allo, gwani na sama, mai bi masa na ƙasa. Sai mai ƙungiyar, Mista Haskell, a kujerar kusurwa da kwanon gyaɗa a cinya.

Sunan da ke can saman allo shi ne Dequan Marsh, mai gudu da ƙwallo wanda ƙasar gaba ɗaya ke magana a kansa. Ba wanda ya sa rai zai kai layin Fort Alder. Ƙungiyar da ke gabansu ma kowa ya tabbata shi za ta ɗauka. Don haka tun kafin a sanar, Dalton ya buga wa Tavita waya, kamar yadda aka saba kiran yaro kafin a kira sunansa a talabijin.

Bugu ɗaya aka ɗauka. Dalton ya ji gida ya cika maƙil, mata har sun fara waƙar coci.

"Tavita, Dalton ne daga Fort Alder. Ka shirya zuwa..."

Bai ƙarasa ba Odessa ta miƙe tsaye tana nuna talabijin. Ƙungiyar da ke gabansu ta ɗauki wani dabam. Dequan Marsh yana nan, ba a taɓa shi ba, agogon Fort Alder kuma ya fara tafiya.

Dalton ya ce, "Tavita, ɗan dakata. Kada ka ajiye waya."

"To, yallaɓai."

Odessa ta ce, "Dalton, ba sai na yi dogon bayani ba. Ga allo. Wanda ya fi kowa shi ake ɗauka. Irin yaron nan sai a shekara goma ba a ga na biyunsa ba."

"Haka ne," in ji Dalton.

Koci Renfro ya ajiye kofinsa. "Haka ne me? Masu gudu biyu gare ni, lafiyayyu. In kawo na uku ya riƙa riƙe musu tawul? Ni katanga nake nema. Gida ba ƙofa, ke kina sayo labule."

"Wannan ma haka ne," in ji Dalton.

Odessa ta ce, "Koci, kai damuwarka wasan Lahadi mai zuwa, ni damuwata shekara biyar masu zuwa."

"Shekara biyar? In aka sake karya Colby, ni da ke duk muna gida muna yankan ciyawa kafin Kirsimeti."

Dalton ya dubi wannan, ya dubi wancan. Sai ya juya wajen mai ƙungiya, ko zai raba gardama.

Mista Haskell ya tauna gyaɗa a hankali. "Ni dai jikana yana son rigar Marsh. Amma tsaya. Me ya sa duk waɗanda ke gabanmu suka bar shi? Ko sun san wani abu da ba mu sani ba?"

Shi ke nan, ya ƙara dagula ruwan. Wani ya ce ya ji ƙishin-ƙishin gwiwa ce. Odessa ta ce likitansu ya duba gwiwar, garau take. Aka nemi likita a waya, aka ce ya shiga bayi. Wayar tebur ta yi ƙara, wata ƙungiya ce ke son a sayar mata da layin, ta ba da layuka biyu na gaba a madadinsa. Koci ya ce a kashe musu waya, Mista Haskell ya ce a ji ta bakinsu tukuna.

Ana cikin haka wakilinsu da ke zauren zaɓe, wanda zai rubuta suna a kati ya miƙa, ya kira. Dalton ya kara wannan wayar a kunnen dama, ta Tavita na kunnen hagu.

"Oga, wane suna zan rubuta?"

"Rubuta Faleolo. A'a, tsaya. Rubuta Marsh a wani katin. Riƙe su duka biyu."

"Na riƙe. Wanne zan miƙa?"

"Ina zuwa."

A kunnen hagu, waƙa ta fara yin ƙasa. Tavita ya ce, "Yallaɓai, kana nan? Mama na tambaya ko ta saka mini hular yanzu."

"Ina nan, ɗana. Kada ka ajiye."

Kansa ya ɗaure tamau. Idan ya rufe ido sai ya ga Colby kwance a gadon asibiti. Idan ya buɗe sai ya ga sunan Marsh a saman allo, ya hango 'yan jarida suna yi masa dariya har ya tsufa, wai ga mutumin da gwani ya faɗo masa a cinya ya ture. Tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba. So yake ya fita daga ɗakin nan ba tare da ya ɓata wa kowa ba.

Ya ce, "To, mu ɗaga hannu. Masu son Marsh..."

"Dalton, dubi agogo," in ji Odessa, muryarta ta canja.

Agogo ya riga ya mutu a kan sifili.

A kunnen dama wakili na haki. "Oga, mutumin Cedar Bay, ƙungiyar da ke bayanmu, ya wuce ni da gudu da katinsa. Na Millhaven na biye da shi."

Sai Dalton ya ji wani abu a kunnen hagu da har gobe bai manta ba. Wata waya ce take ƙara a can cikin gidan su Tavita.

Tavita ya ce, "Yallaɓai, wayar Mama ce. Ta ce lambar Cedar Bay ce. Ka ce kada in ajiye, ban ajiye ba. In ɗauka?"

Kunya ta rufe Dalton. Yaron nan yana tsaye a kan maganar da aka gaya masa, shi kuwa da ya faɗi maganar ya kasa tsayawa a kanta.

"Ɗauka, Tavita. Allah ya ba da sa'a."

Kafin layin ya yanke, ya ji muryar mahaifiyar tana cewa, "Miƙo hular nan tasu, a mayar da ita ɗaki."

Cedar Bay ta ɗauki Tavita. Millhaven ta ɗauki Marsh. Ƙungiya ta uku ma wakilinta ya miƙe.

Wakilin Fort Alder ya ce, "Oga, don Allah ba ni suna, kowane ne."

Dalton ya ɗaga ido, ya karanto sunan da ya rage a saman allo, ko duba gurbin da yaron ke bugawa bai yi ba. Sai da aka sanar a talabijin ya ga abin da ya yi. Mai jifa ya ɗauko. Gurbin Colby.

Koci Renfro ya ɗauki hularsa ya fita ba sallama. Odessa ta zauna ta dafe kai. Mista Haskell ya leƙa kwanon gyaɗarsa ya ce, "To yanzu wa muka samu ke nan?"

Wayar Dalton ta yi ƙara. Colby ne.

"Colby, saurara, ba haka aka shirya ba. Abin ne ya rikice, lokaci ya..."

"Na gani, Oga. Muna kallo ni da matata." Babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi da ya fi sauƙi. "Ta ce in gode maka, ka rage mata dogon lallashi. Gobe zan zo in kwashe kayana."

"Ka ba ni dama in gyara."

"Ka riga ka samu damar. Abu ɗaya nake roƙo. Sabon yaron nan da ka ɗauko, ka gaya masa ya riƙa waiwayar hagunsa."

Ya ajiye waya.

Darasi: Da Dalton ya ɗauki Tavita, da ya cika alkawari. Da ya ɗauki Marsh, da aƙalla ya samu gwani, ya je ya ba da haƙuri. Ƙin yanke shawara ne ya raba shi da duka biyun, ya haɗa da Colby. Ka ji shawarar kowa, amma ka san abin da gidanka ke bukata tun kafin hayaniya ta tashi, kuma idan ka ce wa mutum ya jira ka, kada ka bar shi riƙe da waya. Ku tura wa wanda kuka san har yanzu yana cewa "ina zuwa" alhali agogonsa na tafiya.