Shari'ar Kududdufin Bayan Ɗakin Tasalla

An yi wani sarki, Jatau ɗan Barau, wanda birninsa ya bunƙasa har gidaje suka haɗe da juna, amma kowace damina zazzaɓi kan ratsa unguwanni ya ɗebi ƙananan yara. Wata rana wata mata mai suna Tasalla ta faɗi gabansa ta ce, "Ranka ya daɗe, zazzaɓi ya kashe mini ɗa, sauron da ya jawo shi kuwa daga kududdufin da Cindo magini ya haƙa a bayan ɗakina yake tashi. Haƙƙina nake nema."

Cindo ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ni na haƙa, ban musa ba. Amma ƙasar gini aka ce in kawo, na kawo."

Sarki ya dubi Alƙali Hambali ya ce, "Malam, in ka hukunta shi ka zalunci mai neman halaliyarsa, in ka sallame shi ka zalunci mai makoki. Fid da mu."

Alƙali ya nemi izini, ya sa Cindo ya zaga da shi duk inda aka kai ƙasar ramin. Da ya komo ya yi gaisuwa ya ce, "Babu diyya a kan Cindo, domin bai nufi kowa da sharri ba, bai kuma ci amfanin ramin shi kaɗai ba. Hukuncina shi ne, duk wanda ya yi gini da ƙasar nan ya ɗebo kwatankwacinta daga bayan gari ya mayar, kowa gwargwadon gininsa." Ya ɗan sunkuyar da kai, sannan ya ƙara da cewa, "Fiye da rabin ramin kuwa, ranka ya daɗe, soron fada ne."

Sarki ya juya ya tambayi Tasalla ko ta gamsu.

Ta share hawaye ta ce, "Wanda ya tafi ba zai dawo ba. Amma ga ƙanwarsa a goye, a cike ramin."

Washegari sarki da kansa ya zuba kwandon farko, jakunan fada suka yi ta jigila har wurin ya zama fili. Ya yafa wa Hambali alkyabba, ya ɗora masa al'amarin sauran kududdufan birnin, ya ce wa jama'a, "Ku shaida, hukuncin da ya tsaya a ƙofar fada bai shiga ba, bai kai a kira shi adalci ba."