Gadar Zaki da Gadar Birai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Can gabas mai nisa, wani kogi ya raba garuruwa biyu. A garin Zaki jam'iyya ɗaya ce. A garin Birai kuwa, ko tari za a yi sai an kaɗa ƙuri'a. Sai kowane gari ya ce zai yi gada.

Ranar gayya, ƙuda ya sauka a hancin Zaki, ya kai masa mari, hannu ya nuna daji. Nan take ma'aikata suka bi hannun. Kwana bakwai, gada ta miƙe santaleliya, ta ba kogi baya.

Tsohuwar Akuya tana son haye wa sunan jikanta. Ta ce wa Dila, shugaban aiki, "Ɗan nan, ba wanda ya ga ruwa na bayanku?"

Ya ce, "Iya, duk mun gani. Amma bakinmu ɗaya ne, kuma yana wurin Zaki."

Ta ƙwala wa Birai kira daga gaɓa, "Ku fa, ina taku?"

Wani Biri ya ce, "Iya, mun dasa katako uku. 'Yan adawa sun cire biyu, gobe akwai zama."

Haka aka yi ta dasawa ana cirewa, har gadar Birai ta iso a karkace. Akuya ta haye da goron suna, jika ya tarye ta yana shafa gemu.

Ta Zaki kuwa har yau ana ja. An ce ta kusa cim ma ƙudan.

Ƙurunƙus, kan ɓera ya bi ruwa.