Kurege da Fambel ɗin Injin Ban Ruwa

An yi wani Kurege a bakin wata fadama, gwanin zana inji a kwamfuta, sai dai ba ya son gyara. Abokan aikinsa biyu ne: Hawainiya mai nawa da lura, da Bushiya mai ɗaure ƙarafa, wadda ba ta da haƙuri.

Da rani ya tsananta, shuka ta fara yaushi, sai dabbobi suka roƙe su su haɗa injin ban ruwa. Su ukun suka buɗe zane guda, kowa da ɓangarensa. Kurege ya ɗauki fambel, robar nan da ke zagaye fulin injin da fulin famfo, wato faya-fayan ƙarfen da ke juyawa. Ya auna, ya rubuta tsawonsa: taƙi bakwai.

Hawainiya ta leƙo ta ce, "Malam Kurege, kada ka kulle shi da lamba. Manhajar nan tana bari ka ɗaure shi da fulin biyu. In aka matsar da ɗaya, sai ya miƙe ko ya tsuke da kansa."

"Ni ba na zana abin da ke bin ra'ayin maƙwabci," in ji Kurege. "Wannan halin gidanku ne, kowane reshe da launinki."

Hawainiya ta koma kan tiyon da take zanawa.

Washegari Bushiya ta tarar da saiwar gawo daidai inda za a kafa injin. Ta matsar da shi baya a zanen. Nan take tiyon Hawainiya ya ƙara tsawo ya bi shi. Fambel kuwa ko motsi.

Bushiya ta ce, "Kurege, na taɓa zane, zo ka duba naka."

"Na gama nawa tun jiya."

"To, jiki magayi."

Kurege ya yanka robar, ita kaɗai suke da ita. Ranar haɗawa dabbobi suka taru da tuluna. Aka ja fambel, aka sake ja, ya ƙi kaiwa. Saura taƙi guda.

Kwana biyar aka yi kafin a samo wata robar. A kwanakin nan gyaɗar Kurege, da ke can kan tudu, ta bushe ƙurmus. Ya zauna a bakin gonar, wutsiya a ƙasa, ya kasa kallon kowa.

Hawainiya ta taho a hankali ta zauna kusa da shi.

Can Kurege ya ce, "Yaya, na zage ki a banza. Ki nuna mini yadda ake ɗaurewar."

"Tashi mu je," in ji ta. "Awonka daidai ne. Injin ne ya matsa, kai ba ka matsa ba."

Suka gyara zanen, aka yanka sabuwar robar daidai, da yamma ruwa ya kwarara cikin kunyoyi. Bushiya, duk da mitarta, ta ɗebo masa irin gyaɗa daga rumbunta.

Darasin wannan labari shi ne, abin da aka yi domin ya yi aiki tare da wasu, daga jikinsu yake ɗaukar awonsa. Wanda ya kafe a kan nasa shi kaɗai, ko da gaskiyarsa jiya, yau sai ya gaza.