Alƙalamin Dokar Beli

Ku gyara zama, 'ya'yana. Yau ba ta dariya na zo muku da ita ba, kuma in na kai ƙarshe ku ne alƙalai.

A wata jiha an yi wata mata mai suna Marka, sana'arta daddawa. Wata damina rigimar iyakar gona ta haɗa mijinta da maƙwabcinsa, aka kama mijin aka tsare. Kotu ta ce a ba da belinsa in an sami mai gidan kansa da zai tsaya masa. Marka tana da gida, gadon mahaifinta. Ta ɗauko takardar gidan ta kai wa magatakardan kotu, wani mai suna Nomau. Ko buɗe ta bai yi ba.

"Baiwar Allah, mace ba ta tsayawa beli. Je ki nemo namiji."

"Ranka ya daɗe, yana da ciwon suga, kuma ba mu da kowa a garin nan."

"Haka muka tarar ana yi," in ji shi.

Kwana goma sha tara tana zarya. A na ashirin aka ba ta gawa.

Da ta fita takaba, dangin miji suka ce ta bar wa Allah. Ta ce ta bar wa Allah, amma ba za ta yi shiru ba. Ta yi ta tambaya har aka nuna mata ofishin wata lauya, Barista Kuluwa Sambo. Shekara shida Marka tana zuwa kotu, ba ta taɓa fashin zama ba. Ranakun da babu zama, sai ta ɗauki ƙwaryar daddawarta ta bi kasuwannin ƙauye tana cigiyar matan da aka taɓa kora kamar yadda aka kore ta. Ta samo sama da ɗari uku, kowace ta dangwala yatsa a takardar koke. Dangin miji suka yanke ta, suna cewa ta mai da mutuwar ɗan'uwansu abin talla. Ko bikin 'yarta ba su zo ba.

Ita kuwa Barista Kuluwa, ta faɗi shari'ar a ƙaramar kotu, ta ɗaukaka ƙara, ta sake faɗuwa. Alƙalai suka ce doka ba ta hana mace tsayawa ba, amma kuma ba ta tilasta wa kowa ya karɓe ta ba. Ran nan ta ce wa Marka, "Inna, a nan ba za mu samu ba. Sai dai a je inda ake rubuta dokar." Ta rufe ofishin da ta yi shekara goma sha biyar tana ginawa, ta tsaya takarar majalisar jiha. Aka yayyaga hotunanta, aka yi mata ƙazafin da ba zan maimaita a gabanku ba, ta faɗi zaɓe. Bayan shekara huɗu ta sake tsayawa, ta ci. Da hannunta ta rubuta ƙudurin: duk wanda ya ƙi karɓar mace a matsayin mai tsayawa beli don kawai mace ce, ya yi laifi. Sau biyu ana watsar da shi. Kafin karo na uku hawan jini ya taɓa mata ido ɗaya, sai da aka riƙe hannunta ta shiga zauren.

To, a cikin 'yan majalisar akwai Nomau, magatakardan nan na da. Ya bar aikin kotu, ya shiga siyasa, yana jam'iyyar da ke adawa da ta Kuluwa. Manyansu sun gargaɗe su cewa duk wanda ya goyi bayan ƙudurin, kada ya sa ran sake tsayawa takara. Sau biyun farko ya bi umarni. A karo na uku aka kira Marka ta ba da shaida. Ta faɗi labarinta, ba ta ambaci sunan kowa ba, ko da yake ta gane shi. Babu abin da ya hana shi yin shiru. Sai ya miƙe.

"Mai girma Kakaki, magatakardan da wannan baiwar Allah take faɗa, ni ne. Takardar gidanta ko duba ta ban yi ba. Ban san amsar da zan bayar gobe ƙiyama ba, amma yau na san inda zan sa hannuna."

Mutum biyu daga jam'iyyarsa suka bi shi. Ƙudurin ya wuce da rinjayen ƙuri'a ɗaya. Kafin sati ya zagayo an kore shi daga jam'iyya, kuma har a garinsu yara suna nuna shi suna cewa ga wanda ya kashe mijin mai daddawa.

Ranar sa hannu, gwamna ya tara su ukun. Da ya gama, ya ce alƙalamin da aka yi aikin da shi na wanda ya fi shan wahala a kan dokar ne. Ya miƙa wa Kuluwa. Ta ce ba don Inna ba, da har yau tana ofis ba ta san da zancen ba. Marka ta ce ita kuka kawai ta iya, kuma kukanta sau biyu ana watsar da shi. Ta dubi Nomau. Nomau ya sunkuyar da kai, ya ce hannunsa bai kai ya taɓa shi ba. Aka bar alƙalamin a kan tebur.

Ba don Marka ba, da babu ƙara. Ba don Kuluwa ba, da babu ƙuduri. Shi kuma Nomau, ba don shi ba da dokar ba ta wuce ba, sai dai ba don shi ba, wataƙila da mijin Marka yana raye.

To, ku faɗa mini: wa ya kamata ya miƙa hannu ya ɗauki alƙalamin nan?